Kiwon Rassan Manhaja a Kan Na'urar Ajiyar Bayanai

Gabatarwa

Duk wata babbar hukuma ta wannan zamani, ko banki ne, ko jami'a, ko asibiti, rayuwarta ta ta'allaƙa ne a kan bayanan da ke cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Sakamakon jarrabawar ɗalibai, da albashin ma'aikata, da tarihin jinyar marasa lafiya, duk sun tashi daga takarda sun koma kan faifai. Shi kuwa faifai yana lalacewa, gobara tana cin sa, ɓarawo yana kai masa hari, ma'aikaci kuma yakan goge abin da ke kansa bisa kuskure. Wannan ne ya sa manyan hukumomi ke sayen wata na'ura ta musamman, wadda ba ta da wani aiki sai kwafe bayanai da tsare su, domin ranar da na asali suka salwanta. Irin wannan kwafi shi za mu riƙa kira kwafin ko-ta-kwana, ita kuma na'urar mu kira ta na'urar ajiya.

Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa ɗalibai da malamansu cewa sayen na'urar ajiya bai wadatar ba. Na'urar ba ta tsare komai sai abin da aka gabatar mata da sunansa, aka ba ta izinin shiga cikinsa, aka tsara mata lokacin kwafe shi, sa'an nan aka riƙa dubawa ko ta yi. Wannan ɗawainiya ta yau da gobe ita ce muka kira kiwo, domin ta fi kama da aikin makiyayi da ke ƙirga dabbobinsa safe da yamma.

Mece ce na'urar ajiya?

Na'urar ajiya kwamfuta ce babba da kamfani ke haɗawa da faifai masu yawa da kuma manhajar kwafe bayanai, a sayar da su tare a matsayin abu guda. Ana girke ta a ɗakin da manyan kwamfutocin hukuma suke, waɗanda ake kira uwar garke saboda su ne ke yi wa sauran ƙananan kwamfutoci hidima. A kan kowace uwar garke akan dasa wata 'yar ƙaramar manhaja da ake kira wakili. Idan lokacin kwafi ya yi, wakili ne ke tattara bayanai ya aika wa na'urar ajiya ta hanyar wayoyin sadarwa.

Babbar hikimar irin wannan na'ura ita ce tace maimaici. Idan bayanai suka iso, sai ta yayyanka su gunduwa-gunduwa, ta yi wa kowace gunduwa wani lissafi da ke fitar da lamba ta musamman, tamkar zanen yatsa. In ta ga lambar da ta taɓa gani, ba za ta sake ajiye gunduwar ba, sai dai ta rubuta cewa a duba wadda aka ajiye tun farko. Ɗalibin ilmin halittu zai gane wannan da sauƙi. Kundin gadon ɗan Adam, wato DNA, yana da haruffa kimanin biliyan 3, amma mutum biyu sun yi tarayya a kusan kashi 99.9 cikin 100 na waɗannan haruffa. Wanda ke son ajiye kundin mutum 1,000 zai iya rubuta cikakken kundi guda, sa'an nan ya rubuta bambancin kowane mutum kawai. Kamfanin Data Domain, wanda aka kafa a Amurka a shekarar 2001, yana cikin waɗanda suka fara yaɗa na'urori masu wannan dabara, kafin kamfanin EMC ya saye shi a shekarar 2009.

Manhaja da reshenta

A nan akwai bambanci mai muhimmanci da ya kamata mai karatu ya riƙe. A ilmin halittu, idan aka ce akuya, ana nufin jinsi ne. Amma akuyar da ke ɗaure a turke, mai nata shekaru da nata ciwo, ɗaya ce daga cikin 'ya'yan wannan jinsi. Likitan dabbobi ba ya yi wa jinsi allura, akuyar da ke gabansa yake yi wa.

Haka abin yake ga manhaja. Oracle da SQL Server da PostgreSQL sunayen manhajoji ne masu riƙe kundin bayanai, wato tsararren tarin bayanai da ake shigarwa ana fitarwa a kowane lokaci. Kowace daga cikinsu ana iya kunna ta sau da yawa, ko a kwamfuta guda ko a kwamfutoci daban-daban, kuma kowane kunnawa yana zaman kansa, da sunansa, da bayanansa, da kalmar sirrinsa, da ƙofar da ake bi a yi magana da shi. Wannan shi za mu kira reshen manhaja, kamar yadda banki guda ke da rassa, kowane reshe da littafin lissafinsa da makullinsa. Alal misali, manhajar SQL Server ta yarda a kunna rassa har 50 a kan uwar garke guda. Ƙofofin kuwa lambobi ne: bisa al'ada reshen farko na SQL Server yana sauraro a ƙofa ta 1433, Oracle a ta 1521, PostgreSQL kuma a ta 5432.

A ce wata jami'a tana da rassa uku na manhaja guda: na sakamakon jarrabawa, da na albashi, da na gwaji inda masu tsara manhaja ke koyon hannu. Idan aka gabatar wa na'urar ajiya biyu aka manta da ɗaya, kullum da safe za ta ba da rahoton cewa aiki ya kammala lafiya, kuma ba ƙarya ta yi ba, domin abin da aka ba ta shi ta kwafe. Ba za a gane giɓin ba sai ranar da aka nemi na ukun.

Me ya sa ba a kwafe reshe kamar sauran fayiloli?

Hoto ko wasiƙa da aka ajiye a faifai abu ne a kwance, ana iya kwafe shi kowane lokaci. Reshen manhaja kuwa abu ne mai motsi. A kowace daƙiƙa wani ɓangare na bayanansa yana kan faifai, wani kuma yana cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi bai riga ya sauka ba. A ɗauki misalin tura kuɗi: an cire naira 5,000 daga asusu na farko, ba a kai ga zuba su a asusu na biyu ba. Idan aka kwafe faifai a daidai wannan lokaci, kwafin zai nuna kuɗin sun bar gida amma ba su isa ko'ina ba.

Masana halittu sun daɗe da sanin irin wannan matsala. Idan aka daskarar da ƙwayoyin halitta masu rai haka kawai, ruwan da ke cikinsu da kewayensu yakan zama ƙanƙara mai tsini ya lalata su. A ido za a ga kamar an adana su, amma in aka narkar ba za su farfaɗo ba. A shekarar 1949 ne wasu masana uku a Landan, Christopher Polge da Audrey Smith da Alan Parkes, suka gano cewa sinadarin gilisarol yana kare maniyyin zakara daga wannan lalacewa. Tun daga nan aka fahimci cewa abu mai rai sai an shirya shi kafin a adana shi.

Shirin da ake yi wa reshen manhaja iri biyu ne. Na farko, wakili yakan nemi reshen ya sauke abin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa zuwa faifai, ya dakatar da rubutu na ɗan lokaci, a ɗauki hoton faifan cikin ƙiftawar ido, sa'an nan ya ci gaba da aiki. A tsarin Windows, hidimar da ake kira VSS ce ke shirya wannan, kuma tsayar da rubutun ba ya wuce daƙiƙa 10. Na biyu, ana amfani da kayan kwafi na ita manhajar kanta, kamar RMAN na Oracle, wanda ya san ciki da wajen kundin.

Har ila yau, kowane kundin bayanai yana da littafin shige da fice, inda yake rubuta duk wani canji kafin ya aiwatar da shi. Idan ana kwafe wannan littafi a kai a kai, to ana iya maido da kwafin daren jiya, a bi littafin layi-layi har zuwa minti ɗaya kafin ɓarna ta auku. Akwai kuma wani abin lura. A wasu tsare-tsaren, reshe ba ya sake amfani da gurbin tsohon littafi sai an kwafe shi. Idan kwafin ya tsaya ba a lura ba, littafin zai yi ta kumbura har faifai ya cika, reshen ya tsaya cik.

Matakan kiwo

Mataki na farko shi ne rajista. Yawancin na'urori suna iya leƙa uwar garke su gano rassan da ke kanta, amma ganowa daban, tsarewa daban. Sai ma'aikaci ya shigar da reshen cikin jerin waɗanda ake kwafewa. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane, don haka ranar da aka kunna sabon reshe ita ce ranar yi masa rajista. Ya kamata kuma a ba kowane reshe suna mai fayyace aikinsa, yadda ba za a ɗauki na gwaji a matsayin na ainihi ba.

Mataki na biyu shi ne izini. Na'urar ajiya tana buƙatar sunan shiga da kalmar sirri domin ta yi magana da reshe. Akan ba ta iko gwargwadon aikinta kawai. Idan aka canza kalmar sirri a reshe ba a canza ta a na'ura ba, daga wannan dare kwafi ya tsaya.

Mataki na uku shi ne ƙa'idar ajiya, wadda ke amsa tambayoyi uku. Aikin awa nawa hukuma za ta iya jure asararsa? Amsar wannan ita ke nuna tazarar da za a bari tsakanin kwafi da kwafi. Awa nawa za ta iya zama ba tare da reshen yana aiki ba? Wannan ke nuna inda za a ajiye kwafin da saurin hanyar maido shi. Sa'an nan, har tsawon wane lokaci za a riƙe tsohon kwafi kafin a share shi? Reshen banki yana iya buƙatar a kwafe littafinsa kowane minti 15, alhali reshen gwaji sau ɗaya a mako ya ishe shi. Galibi akan ɗauki cikakken kwafi lokaci-lokaci, a tsakani kuma a riƙa kwafe abin da ya canza kawai.

Mataki na huɗu shi ne sa ido. Dole a sami mutum sananne da aka ɗora wa alhakin karanta rahoton kowace safiya. Bai isa a jira saƙon gazawa ba, domin shi ma saƙon yana iya ɓata a hanya. Abin da ake nema shi ne shaidar nasara: kwanan watan kwafi na ƙarshe, da girmansa.

Mataki na biyar shi ne gwajin maidowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokaci-lokaci akan ɗauko kwafi a maido shi a kan wata kwamfuta ta daban, a kunna reshen, a duba ko bayanan sun cika, a kuma auna awoyin da aikin ya ci.

Mataki na ƙarshe shi ne sallama. Idan aka daina amfani da reshe, sai a ɗauki kwafinsa na ƙarshe, a yanke wa'adin riƙe shi, sa'an nan a cire shi daga jeri. In ba haka ba zai riƙa kawo rahoton gazawa kullum, har ma'aikata su saba da ganin jan rubutu, su daina kula da shi ko da na gaske ne.

Abin da ya faru a GitLab

GitLab kamfani ne da masu rubuta manhaja a duniya ke ajiye ayyukansu a wurinsa. A ranar 31 ga Janairu, 2017, yana da rassa biyu na PostgreSQL, babba da mataimaki. Wani injiniya ya yi niyyar share bayanan mataimakin domin ya sake cika shi, amma sai ya ba da umarnin a kan babban. Kafin ya ankara, daga cikin kimanin gigabayit 300 saura kusan 4.5.

Da aka juya ga kwafin ko-ta-kwana, sai aka tarar babu shi. Reshen yana kan siga ta 9.6 ta manhajar, amma kayan kwafin da ke gudana na siga ta 9.2 ne, don haka aikin yana ta gazawa. Saƙonnin imel da ke sanar da gazawar kuwa, ana ƙin karɓarsu a hanya, babu wanda ya gan su. Abin da ya ceci kamfanin shi ne wani hoton faifai da aka ɗauka da hannu kimanin awa 6 kafin ɓarnar. Maido shi ya ci kusan awa 18, kuma an yi asarar canje-canjen waɗannan awoyi 6, ciki har da ayyuka kimanin 5,000 da sababbin asusu kimanin 700. Kamfanin da kansa ne ya wallafa bayanin yadda abin ya auku. Mai karatu zai lura cewa uku daga cikin matakanmu ne suka yi rauni a nan: rarrabe reshe da reshe, da sa ido, da gwajin maidowa.

Abin da ya faru a Jami'ar Kiyoto

Wani lokaci ma kayan tsaron ne ke yin ɓarnar. Tsakanin ranakun 14 da 16 ga Disamba, 2021, babbar kwamfutar bincike ta Jami'ar Kiyoto da ke Japan ta yi asarar bayanai kimanin terabayit 77, wato fayiloli kusan miliyan 34 na ƙungiyoyin bincike 14. Terabayit guda gigabayit 1,000 ne. Musabbabin shi ne wani jerin umarni na tsarin ajiya, wanda aikinsa share tsofaffin rahotanni da suka wuce kwana 10. An sabunta jerin umarnin alhali yana cikin gudana, sai ya rikice ya shiga share fayilolin masu bincike. Kamfanin Hewlett Packard Enterprise, wanda ya samar da tsarin, ya ɗauki alhakin abin. An maido da mafi yawa daga kwafi, amma wani ɓangare ya tafi ke nan. Darasin shi ne, duk wani gyara da za a yi wa na'urar ajiya ko wakilinta, a dakatar da aiki tukuna, a kuma fara gwada shi a reshen gwaji.

Kwafi uku, wuri biyu

Na'urar ajiya ita ma tana iya ƙonewa ko a kai mata hari, musamman da yake tana haɗe da sauran kwamfutoci. A ranar 27 ga Yuni, 2017, muguwar manhajar NotPetya ta shiga kwamfutocin kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda hedikwatarsa ke Denmak. Kamfanin yana da kwamfutoci kimanin 150 masu riƙe rajistar sunaye da kalmomin sirri, kowace tana kwafar 'yar'uwarta, amma da yake duk a haɗe suke, sai suka lalace tare. Guda ɗaya ce ta tsira, a wani ofishinsa na Afirka ta Yamma, saboda an ɗauke wutar lantarki a lokacin harin. Daga kwafinta aka sake gina rajistar. Shugaban kamfanin ya bayyana a shekarar 2018 cewa sun sake girka uwar garke 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana 10, asarar kuma ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300.

Abin da ɗaukewar wuta ta yi bisa tsautsayi, shi ya kamata a yi da gangan. Akwai ƙa'idar 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa: a mallaki kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, guda 1 kuma a wani wuri mai nisa. Hukumomi da yawa suna ƙarawa da kwafin da aka raba shi da wayoyin sadarwa gaba ɗaya, kamar kaset ɗin maganaɗisu. Kaset guda na samfurin LTO-9 yana ɗaukar terabayit 18.

Masana tsirrai ma haka suke yi. A shekarar 2008 aka buɗe rumbun iri na duniya a tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, kuma cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tana cikin waɗanda suka fara aika iri can. Da yaƙi ya hana cibiyar ICARDA amfani da rumbunta na Halab a Siriya, a shekarar 2015 ta karɓo irinta daga Svalbard, ta shuka a Labanan da Maroko. Kazalika, rumbunan iri sukan ɗebi kaɗan lokaci-lokaci su jiƙa, su ƙirga waɗanda suka tsiro, domin irin da ya mutu da mai rai kamanninsu ɗaya a cikin kwalba. Wannan shi ne gwajin maidowa a fagen noma.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa abin da na'urar ajiya ke tsarewa shi ne reshe, ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane reshe yana buƙatar rajista, da izini, da ƙa'ida, da sa ido, da gwaji, har zuwa ranar sallamarsa. A misalan GitLab da Kiyoto da Maersk, kayan aiki na zamani suna nan, abin da ya yi rauni shi ne kula. Wannan kula kuwa ana fara koyon ta ne tun daga makaranta. Malamin da ke riƙe makin ɗalibai a kwamfuta zai iya tambayar kansa yau: kwafi nawa nake da shi, a ina suke, kuma yaushe na buɗe ɗaya na tabbatar yana aiki?

Tambayoyi domin nazari

1. Bayyana bambanci tsakanin manhaja da reshenta, ka kawo misali daga ilmin halittu wanda ba a ambata a darasin ba.

2. Wata hukuma tana ɗaukar kwafi sau ɗaya a rana, da ƙarfe 12 na dare. Faifanta ya lalace da ƙarfe 4 na yamma. Aikin awa nawa ta yi asara? Yaya kwafe littafin shige da fice kowane minti 15 zai rage asarar?

3. Bayit guda yana da bit 8. Idan waya tana ɗaukar gigabit 1 a daƙiƙa, terabayit guda zai ci daƙiƙa 8,000, wato kimanin awa 2 da minti 13. Kwana nawa za a yi kafin a maido terabayit 77 ta wannan waya?

4. Me ya sa kwamfutoci masu kwafar juna ba su isa su zama kwafin ko-ta-kwana ba? Yi amfani da misalin Maersk wajen ba da amsa.

5. Tare da malaminku, ku tsara ƙa'idar ajiya ta sakamakon jarrabawar makarantarku bisa tsarin 3-2-1, ku kuma faɗi wanda zai riƙa dubawa da ranar da zai duba.